Injiniya da Ƙofofin Motar Baba

Wallahi na san ba za ku yarda ba. Ni kaina da a bakin wani na ji, sai in ce ya ƙara gishiri. Amma shaidu layi guda ne cur, kuma har yau in mota ta hau tudun kwaltan nan na gaban shagon aski, mutane kan waiwaya su ga ko wani abu zai faɗo.

Wani mutum ne ake ce masa Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ranar da ya baro makarantar koyon sana'a a shekara ta biyu, wai malaman sun ƙarar da abin da suka sani sun fara maimaici. Tun daga nan ba abin da bai gyara ba. Ya gyara fankar gidansu, ta koma juyawa da baya. Ya gyara famfon maƙwabta, ruwa ya daina ɗiga a banɗaki ya koma ɗiga a falo. Amma in ya zauna ba da labarin aikinsa, sai ka rantse shi ya koya wa jirgin sama tashi. Dokin mai baki ai ya fi gudu.

Surukinsa tsohon direba ne, kowa Baba yake ce masa. Baba na da wata mota a gareji, koriya mai dogon hanci, ta girmi Injiniya da shekara goma. Shekara huɗu suna tayar da ita shi da wani dattijon mai gyaran jikin mota da ake kira Mai Guduma. An kankare tsatsa, an yi walda, an fesa fenti har kana ganin haƙoranka a jikinta. Injin yana wurin makanike, ranar Juma'a za a dawo da shi. Motar tana ɗare bisa kututture huɗu ba taya, ƙofofinta da bonet da madigadi suna jingine da bango a kan tsohuwar katifa. Abin da ya rage kawai a rataya su. Kuma Baba ya yi wa Auta, ƙanwar matar Injiniya, alkawari tun tana ajin farko a jami'a: ranar da za ta karɓi shaidar gama jami'a, a motar nan zai kai ta. Ranar kuwa Asabar ce mai zuwa.

Ranar Litinin sai aka yi wa Mai Guduma aikin yanar ido. Likita ya ce ba ƙura, ba ɗaga nauyi.

Injiniya ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan garejin nan, don an ce da zarar mota ta tashi za a mai da ita rumfar cikin gida. Ya tarar da Baba zaune bakin gareji ya yi tagumi.

"Baba, wai rataya ƙofa ce ta hana ka cin abinci? Kwana uku na ba kaina. In na gama, ka ba ni makullin garejin nan in buɗe wurin aiki."

Baba ya dube shi ta saman tabarau. Shekara bakwai da auren, bai taɓa kiransa Injiniya ba. Iyakarsa "kai" ko "mijin yarinyar nan".

"In ba ka gama ba fa?"

"Ka kira ni duk sunan da ka ga dama, zan amsa har in mutu."

Auta ta leƙo ta taga. "Yaya Injiniya, don Allah ka tausaya min. Ni da ƙafa ma zan iya zuwa."

"Ke yi mana shiru. Ranar Asabar sai shugaban jami'arku ya roƙi a ɗauke shi hoto a jikin motar nan."

Baba ba shi da zaɓi. Ya buga wa Mai Guduma waya ya miƙa wa Injiniya. Daga gadon asibiti dattijon ya ce, "Ɗana, abu uku. Ka ga allon da ke bango mai ƙusoshi? Wosha ce a rataye, ɗauri-ɗauri da waya, kowane ɗauri da takardarsa. Yadda na ciro su daga kowane hinji haka na ɗaure, haka kuma za su koma. Na biyu, daga baya ake farawa a taho gaba. Na uku, kada ka ɗaure ko noti ɗaya tamau sai mota ta sauka kan tayoyinta, inji na ciki. Kana ji na?"

Injiniya ya riga ya janye wayar daga kunne, yana kashe wa Tela ido, mai shagon ɗinkin da ke manne da garejin. Ya dawo da ita ya ce, "Na ji, Baba Mai Guduma, Allah ya ƙara sauƙi," ya kashe.

"Me ya ce?" in ji Tela.

"Gaisuwa ce. Ka san tsofaffi."

Ranar Talata da safe ya tsaya gaban allon. Wosha ai ƴan faifan ƙarfe ne masu huda a tsakiya, wata siririya kamar farce, wata mai kauri kamar kwabo, ana cusa su bayan hinji, wato ƙarfen da ke riƙe ƙofa a jikin mota, don ƙofa ta zauna daidai. Guda sittin da huɗu ne, duk sun yi baƙi da maiko.

"Dubi ƙazanta," ya ce. "Mota kamar madubi, a sa mata wannan?"

Ya tsinke wayoyin, ya zubar da takardun, ya juye duka cikin gwangwanin madara, ya tsiyaya kananzir ya girgiza. Suka fito fes suna ƙyalli, ba mai iya bambance ta gaba da ta baya.

Tela ya leƙo da almakashi a hannu. "Ba rubutu na gani a jikinsu ba?"

"Rubutu na wanda bai yarda da idonsa ba ne. Ido ba mudu ba, amma ya san ƙima."

Da bonet ya fara, don shi mutane ke fara gani. Ya zauna ɗas. Ya ɗaura madigadi biyu, ya ɗaure kowane noti har sifana na kuka. Ya ja da baya ya riƙe ƙugu, ya aika a kira matarsa ta zo ta ga mijin da Allah ya ba ta. Ta zo ta gani, ta ce abinci na kan wuta.

Sai ƙofar direba. Ya cicciɓe ta, ya rataya, ya tura. Ƙwas! Bakinta ya hau kan madigadi, fenti ya ɓantare kamar ɓawon ƙwai. Ya waiga, ba kowa. Ya tofa yawu ya goge wurin da hannun riga. Ya rataya sauran ukun, ya matsar da ta direba baya, sai ta ci ƙofar baya. Ya matsar da ta bayan, sai ga giɓi ya buɗe a ƙarshenta wanda kyanwa za ta shige ba ta sunkuya ba. Ya rufe wannan, ya ɓullo a sama. Ya danne saman, ya koma ƙasa. Kafin la'asar giɓin nan ya zagaya motar sau biyu, Injiniya na bin sa da sifana kamar mai korar ɓera a ɗakin girki.

Tela ya fito da kujerarsa waje, ya bar ɗinki. Mai aski ma ya taho daga ƙarshen layi da tawul a kafaɗa.

"Yanzu yana ina?" in ji Mai aski.

"Ya bar hagu, yana hanyar dama," in ji Tela. "Injiniya, ko riga ce daga kafaɗa ake yanka ta. Ba a fara sa maɓalli sannan a nemi wuya."

"Kai da ka ɗinka min wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, kai za ka koya min awo?"

"Ƙafar taka ce ɗaya ta fi ɗaya. Na auna."

Ranar Laraba Injiniya ya yanke hukunci: laifin kamfanin da ya ƙera motar ne, sun yi ƙofofin da girma. Ya aro injin gurza ƙarfe. Inda ƙofa ta yi yawa ya gurje, tartsatsi na tashi, fenti na ƙonewa yana wari. Inda ta gaza ya kwaɓa fila, wannan kwaɓin da ake cike lotsa da shi, ya yaɓa kamar mai yaɓen gini, ya bi da ragowar koren fenti da buroshin haƙori. Ƙofar baya ta dama ta ƙi ɗagowa, ya sa katako ƙarƙashinta ya hau ya yi tsalle uku. A na uku katakon ya karye, ya zauna daɓas cikin kwanon fila.

Auta na tsaye da kofin shayi. "Yaya, kai ma giɓi gare ka?"

"Gwaji nake. Sai an ji taurinsa a jiki."

Wajen azahar wosha ta ƙare, don hinji ɗaya kaɗai ya cusa wa goma sha ɗaya. Saura hinji uku. Ya daddaƙe murafun kwalbar lemo ya huda. Suka ƙare. Ya lallaɓa shagon Tela lokacin da ya zagaya, ya ɗebo manyan maɓallan kwat. Na ƙarshe ya ƙi cika, sai idonsa ya faɗa kan silifas ɗin matarsa a bakin ƙofar gida, ja, sabo. Ya yanki dunduniyar ƙafar hagu, ya jefa ragowar bayan katanga.

Da yamma ta fito tana ɗingishi da wari guda. "Baban yara, ka ga takalmina?"

"Karnukan layin nan sai addu'a," ya ce, bai ɗago ba.

To, ga abin da na ce ba za ku yarda ba. Ranar Alhamis da yamma ƙofofin nan huɗu suka rufu. Ka tura da ɗan yatsa, tak! Layin da ke tsakaninsu ya miƙe sambal, in dai ba ka matso da ido sosai ba. Injiniya ya tara mutanen layi, ya rufe ya buɗe, ya rufe ya buɗe, har da juya baya ya tura da diddige. Baba ya zagaya motar, ya zura tsinken ashana cikin layin ya ja daga sama har ƙasa.

"Hmm," ya ce.

"Baba, makullin fa?"

"Asabar."

Injiniya ya rufe ƙofofin, ya ɗaure su da jan ƙyalle, ya rubuta a kwali: KADA A TAƁA, SAI INJINIYA YA BUƊE. Ranar Juma'a da aka kawo inji ba ya nan, yana wurin mai rubuta allo yana gardama a kan girman haruffa. Makanike ya ɗora inji, ya sa tayoyi, ya zare kututturan nan huɗu, waɗanda dama ɗaya ya fi sauran gajarta. Da motar ta sauka sai ta yi wata ƴar miƙa, ƙiiiƙ, kamar tsoho ya tashi daga tabarma. Makanike ya ga kwali, shi kuma siriri ne, sai ya shige ta taga ya tayar da inji, ya fita ta taga, ya tafi abinsa.

Asabar ƙarfe tara layi ya cika. Taron jami'a ƙarfe goma sha ɗaya ne. Auta ta fito cikin baƙar riga da hula mai tunku, Baba ya sa tsohuwar hularsa ta direba. Injiniya ya ci kwat a wannan zafin, ya yi jawabi na minti goma a kan ilimin da ba a samu a aji, ya ari almakashin Tela ya yanke ƙyalle. Ya rusuna ya kama hannun ƙofar baya ta dama.

"Ranki ya daɗe, bismillah."

Ƙofa ta ce ba ta san zance ba. Ya ja. Ya ƙara ja. Ya dafa ƙafa a taya ya ja, hannun ƙofar ya biyo shi, suka tafi tare har cikin jama'a.

"Wannan ɓangaren da gangan na kulle," ya ce yana karkaɗe kwat. "Saboda ɓarayi."

"To ai mu ɓarayin muna sauri," in ji Auta.

Ta gaba ta dama ma ta ƙi. Na hagu biyu kuwa suka buɗe tun kafin a gama taɓa su, suka kuma ƙi rufuwa. Auta da yayarta suka shiga baya, Injiniya ya ja da baya ya doki ƙofar da ƙugu, gam! Baba ya zauna gaban sitiyari, aka doka tasa, gam! Shi Injiniya ya shiga ta taga da kai, Mai aski ya tura ƙafafun.

"Haka ake shiga motocin tsere," ya ce daga ƙasan kujera.

Inji ya tashi da wata murya mai daɗi, jama'a suka yi tafi, mota ta mirgina a hankali, mutane na bin ta a baya. Injiniya ya fito da hannu yana ɗaga musu. Har ya fara tunanin inda zai ajiye teburinsa a gareji, sai ga tudun kwalta na gaban shagon aski.

Tayoyin gaba suka hau. Bonet ya yi hamma ya miƙe tsaye, ya rufe wa Baba hanya. Tayoyin baya suka hau. Ƙofar direba ta wangale, ta sunkuya, ta dafa kwalta da gefe ɗaya. Wani ɓangaren fila mai faɗin faranti ya ɓalle daga madigadi ya tarwatse. Sannan aka ji yarrr, wosha na gangarawa kan titi kowace ta kama gabanta, murafun lemo na bin su.

Baba ya taka birki.

Tela ya sunkuya ya tsinci wani abu. "Wannan maɓallin kwat ɗin lauya ne. Kwana uku ina zargin matata."

Matar Injiniya ta leƙo ta tagar baya. A kan kwalta ga wani ɗan jan abu da huda a tsakiya, har da zanen dunduniya.

"Baban yara," ta ce a hankali, "ashe karen layinmu kwat yake sawa?"

Dariya ta ɓarke, har wani ya zauna a ƙasa. A daidai lokacin ne mai rubuta allo ya iso da kaya a ka, yana tambaya ina mai gareji. Ya sauke ya jingine a jikin motar, haruffa kamar kan jariri: INJINIYA, ƘWARARRE A ƘOFA DA BONET. AIKI ƊAYA, BA DAWOWA.

"Wannan kam gaskiya ya rubuta," in ji Mai aski.

Auta ba ta dariya. Ƙofofin baya duka biyu sun cije, agogo ya wuce goma, tana buga gilashi tana cewa ita shekara huɗu ta yi tana karatu ba don ta karɓi shaida ta taga ba. Injiniya ya fito ta taga ya ce a kawo masa guduma da kurfi, minti biyu ne. Baba ya ce in ya sake taɓa motar nan da ƙarfe, sai dai ƴarsa ta zama bazawara.

Sai ga Mai Guduma, ido ɗaya a liƙe da auduga, ya zo a hankali da sanda don ya ga tashin motarsa. Jama'a suka buɗa masa. Ya bi jikin motar da tafin hannu tun daga baya har gaba, kamar mai duba mara lafiya. Da ya zo kan inda aka gurje sai ya tsaya, ya daɗe a wurin.

"A kan kututture ka ɗaure su," ya ce.

"Ai dama wani sabon tsari ne da..."

"Daga gaba ka fara. Ina takardun woshata?"

Injiniya ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Tela ya ce, "Ido ba mudu ba."

Dattijon ya ce a kawo jak na ɗaga mota, a sa ƙarƙashin kusurwar baya ta hagu, don gajeren kututturen a ɓangaren dama yake a da. "A ɗaga ta hagu kaɗan. Sau uku. Ya isa." Motar ta koma karkacen da aka ɗaure ta a kai, ƙofar Auta ta yi tak, ta buɗe da kanta kamar mai jin kunya.

Tela ya ce bari ya ɗauko babur ya kai ta. Baba ya ɗaga hannu.

"Na ce a motar nan za ta je. A cire ƙofofin."

Makanike da Mai aski suka kama, cikin minti ashirin ƙofofi huɗu na kwance bakin titi. Aka ɗaure bonet da igiyar awon Tela. Auta ta zauna baya ta riƙe hularta da hannu ɗaya, yayarta da hannu ɗaya, iska na kaɗa baƙar riga, ta fara dariya har da hawaye. Injiniya ya ɗaga ƙafa zai hau, tunda yanzu shiga ba wuya.

"Kai," in ji Baba. "Ina za ka?"

"Rakiya, Baba."

"Ƙofofin nan ƙafa gare su? Ka mai da su gareji, ɗaya bayan ɗaya. Likita ya hana Mai Guduma ɗaga nauyi, kuma jak ɗinmu ba ya shiga ƙarƙashin ƙofa. Daga Litinin kai za ka durƙusa ka tallafe ta, shi yana gwada wosha, har kowace ta gane gidanta. Ka ce in kira ka sunan da na ga dama, ko?"

"Baba, ai wasa..."

"Jak," in ji Baba, ya sa giya. "A riƙe da kyau, Jak."

Mota ta tafi ba ƙofa, layi na tafi. Jak ya goyi ƙofar farko ya nufi gareji a sunkuye, Tela na bin sa a baya yana yi masa hon da baki.

Kwana goma sha tara aka yi. An tsinto wosha hamsin da takwas, shidan har yau ana nema. Mai Guduma da idonsa ɗaya ba ya gaggawa: ya cusa ɗaya, ya ce "ɗaga," ya ce "sauke," ya zare, ya tafi shan shayi ya bar ƙofa a kan mutum. Allon nan mai manyan haruffa shi aka shimfiɗa ƙarƙashin gwiwa, saboda sanyin siminti. Makullin gareji kuwa an ba shi, ba a hana ba, don ya riƙa buɗewa da wuri yana shara.

Kada wanda ya tambaye ni yadda aka yi na san ƙofar direba ta fi sauran nauyi. Ku dai matso min da matashin nan bayana, kuma in kun ji Baba na kira daga waje, ku ce na fita.